Lambun Da Ba A Rawa A Cikinsa

Mai karatu, wannan watan alfarma zan roƙa a wajenka. Ka saba idan ka buɗo wannan shafi ka tarar da ni ina feɗe wani fim, ina cewa labari ya karye a nan, murya ta shaƙe a can. To, a wannan karon ban kalli fim ba, gida na je. Abin da na taras a gidan kuwa shi ya hana ni zama in rubuta sharhin da na yi maka alkawari a fitowar da ta gabata. Ka yi mini uzuri, ka biyo ni ƙauye.

Amma bari in fara da fim ɗin, tunda shi ya haɗa ni da kai. Idan aka ce "lambu" a fim ɗin Hausa, me ke faɗo maka a rai? Furanni, ciyawa kore shar, jarumi ya leƙo ta bayan bishiya, jaruma ta yi fari da ido, sai kiɗa ya tashi. A littattafanmu na soyayya ma haka abin yake: lambu wuri ne da ke bayan gidan Alhaji, inda ake ajiye fararen kujeru a kawo wa saurayi lemo. Tun zamanin kaset ake ɗibar 'yan wasa a mota a nufi Tiga ko Bagauda domin ɗaukar waƙa. Motar nan dole ta bi ta Kura, ta ratsa gonakin albasa da tumatir da alkama hagu da dama, iyakar ganinka. Ban taɓa jin daraktan da ya ce direba ya tsaya ba. Ni kuwa a cikin irin waɗannan gonaki aka haife ni, a wani ɗan ƙauye da ke ƙasar Kura, kuma kuɗin tumatir ne ya saya mini biron da nake sukar finafinan nan da shi.

Yawancin abin da zan ba ka daga bakin kakana na ji shi, mahaifin babana, wanda muke kira Baba Tsoho. Sunansa na ci, don haka shi "Takwara" yake ce mini. Allah ya yi masa rasuwa a 2019. Sauran kuma daga kakata, matarsa, wadda muke kira Iya, tana nan da ranta da bakinta.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, da can ba da tumatir aka san Kura ba. Da rini aka san ta. Baƙin rinin Kura, wanda ake bugawa har ya riƙa ƙyalli, shi ne Buzaye ke naɗawa a ka, kuma fatake sun kai shi har cikin Sahara. Mahaifin Baba Tsoho noman baba yake yi da damina, da rani kuma ya shiga gari ya yi aikin bugu. Lambu a lokacin ɗan abu ne da ake yi a gefen rafi, bai fi faɗin tsakar gida biyu ba.

Kada ka ɗauka noman rani baƙo ne a ƙasar Hausa. Harshenmu da kansa shaida ne. Albasa da alkama sunayensu daga Larabci suka zo, wato sun daɗe da shigowa ta hanyar fataken Sahara, tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Gauta da yalo da kuɓewa da rama namu ne na gado. Amma saurari tumatir, karas, kabeji, latas: ko ba a gaya maka ba ka ji Ingilishi a bakinka. Waɗannan sun bazu ne bayan zuwan Turawa, musamman da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, mutanen Kudu da Kwara da Turawa suka taru suna neman abin miyar da suka saba da shi. Mutanen da ke bakin Jakara da sauran rafukan gefen birni su suka fara cin wannan kasuwa. Mu da ke nesa, albasa muka riƙe, domin ita ce ke jure tafiyar jaki.

Baba Tsoho ya fara lambu yana saurayi, a shekarun 1950, da jigo. Na san yawancin masu karatu na birni a karin magana kawai suka san jigo, don haka bari in kwatanta. Za a kafa gumagumai biyu a bakin ruwa, a gitta sanda a kansu, a ɗaura wata doguwar sanda a tsakiya yadda za ta riƙa sama da ƙasa. A gindinta a liƙa ƙaton curin laka, a bakinta kuma a ɗaura igiya da guga na ƙwarya. Kai ne za ka ja igiyar ƙasa da ƙarfinka har gugan ya nutse, sai nauyin lakar ya ɗago maka shi cike da ruwa, ka juye a 'yar hanya, ruwan ya gangara zuwa komi, wanda wasu ke kira fangali. Yaro na can da fartanya yana buɗe bakin wannan komi yana toshe na wancan. Haka za a yi tun daga sallar asuba har rana ta take, a cikin hunturu, ƙafa a ruwa, kaushi yana tsagewa har jini. Idan rani ya yi nisa rafi ya ƙafe, sai a bi yashi a haƙa rami a sake kafa jigon a can.

Na taɓa tambayarsa, na ce, "Baba Tsoho, guga nawa kake ja a wuni?"

Ya dube ni ya ce, "Takwara, wanda ke ƙirgawa ai bai fara gajiya ba. Ka tambayi kafaɗata."

Wannan kafaɗa ta dama har ya koma ga Allah ta fi ta hagu sauka.

Ga wani abu da ya ba ni mamaki da na fara tono: a wancan zamani lambu ba abin alfahari ba ne a ƙauyenmu. Da an gama girbin gero da dawa da gyaɗa, duk namiji mai jini a jika sai ya ɗaura ƙunshinsa ya tafi ci-rani, wani birni ya yi ga-ruwa ko dako, wani Jos wajen haƙar kuza, wani ya bi malaminsa gabas. Wanda ya zauna yana jan jigo, ana yi masa kallon wanda ba shi da jari ko ba shi da zuciyar fita. Baba Tsoho zama ya kama shi ne saboda mahaifinsa ya makance, shi ne kuma babba. Iya ta ce da aka kai maganar aurensu, wata gwaggonta cewa ta yi, "Yanzu duk samarin garin nan a rasa wanda za a ba ta sai mai warin albasa?" Amma mai warin albasar nan bai taɓa kwana a gaban dagaci saboda haraji ba. Yakan adana albasarsa a rumfa har ta yi tsada, ya ɗora wa jakuna biyu, ya kwana a hanya, ya wayi gari a Kano. Da kuɗin yake biyan harajinsa da na ƙannensa, shekara da shekaru, har Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979.

Sai ruwa ya zo. Kuma ba daga sama ya zo ba.

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamna. Kowa ya san shi da son gina madatsun ruwa. Aka fara da Bagauda, aka gwada noman rani na zamani a Kadawa da ruwanta. Daga nan aka shiga babban aikin, wato madatsar Tiga a kan Kogin Kano, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974, mai ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Injiniyoyin ƙasar Holan ne suka zana tsarin, kuma a kashin farko an yi niyyar shayar da hekta 22,000 a yankin da yau ya haɗa Kura da Bunkure da Garun Malam. Hikimar abin ita ce babu inji: Tiga tana bisa, gonaki suna ƙasa, ruwa da ƙafarsa yake gangarowa ta babban kanal, ya rarrabu zuwa ƙanana, har ya iso bakin gonarka. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, aikin ya koma hannun ta Haɗeja da Jama'are.

Ka tuna kuma ana cikin ginin ne aka yi farin nan na 1972 zuwa 1974, wanda ya karkashe dabbobi ya koro mutane daga arewa. Duk wanda ya ga wannan fari ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan amfanin madatsa ba. Sai dai fa dubban mutane sun tashi daga garuruwansu domin ruwan Tiga ya kwanta a kai. Idan ka ga jaruma tana juyi a bakin ruwan nan, ka sani akwai kufai da maƙabartu a ƙarƙashinsa.

Aikin ya iso ƙauyenmu a ƙarshen shekarun 1970. Ruwa ba ya hawa tudu, don haka sai an baje ƙasa ta zama kamar faranti. Aka auna gonaki, katafila ta shigo, aka tumɓuke itatuwa, aka share iyakokin da kakanni suka shata da gamba da aduwa, sannan aka sake raba wa kowa nasa bayan an cire abin da kanal da hanya suka ci. Baba Tsoho ya ce ranar da aka nuna masa sabuwar gonarsa ya tsaya ya rasa gabas, domin tsamiyar da yake gane alƙibla da ita babu ita.

A nan labarin ya rabu biyu, ya danganta da wanda ka tambaya. Idan Baba Tsoho ne, zai ce maka an biya diyyar itatuwa, ya sayi keke Raleigh da rediyo. Idan Iya ce, sai ta gyara zama. Akwai ɗorawa uku a tsohuwar gonar, kuma ko da yake gona ta miji ce, kalwar da ake samu ita ce jarin Iya, da ita take daddawa tana sayarwa daga cikin gida, tana tara wa 'ya'yanta mata kwanuka. Da aka sare su, kuɗin a hannun maigida aka damƙa. Har watan jiya da na je sai da ta maimaita: "Ɗorawata ya hau yana yawo a gari, har da ƙararrawa!" Muna dariya, amma ka duba da kyau, magana ce babba. Aikin ya ba maza noma sau biyu a shekara, ya karɓe wa mata itatuwan da suke dogaro da su, ya kuma bar su da sayen itacen girki.

To, matan ba su zauna ba. Waɗanda ba sa cikin kulle, wato tsofaffi da zawarawa da 'yan mata, sai suka fita aikatau: tsinkar tumatir, sussukar alkama, sheƙa. A shekarun nan akwai wani kamfanin Turawa da ya karɓi fili a yankin Kadawa yana noma ɗanyen wake ana kaiwa Turai, kuma mata ya ɗauka suna tsinka. Da suka ga ladan bai kai wahalar ba, sai suka haɗa baki suka ajiye aiki. Yajin aiki fa, mai karatu, na matan ƙauye waɗanda ba su taɓa jin sunan ƙungiyar ƙwadago ba! Har wata mujallar masana ta Ingila ta buga labarin a 1978. Yayar Baba Tsoho, wadda babana ke kira Gwaggo, tana cikinsu. Bazawara ce a lokacin, kuma an ce da aka aiko dattawa su lallashe su, cewa ta yi duk dattijon da ya ga kuɗin ya isa, ga kwando nan ya shiga ya tsinka. Ban riske ta ba. Amma kullum na zauna kallon fim ɗin da aka nuna matar ƙauye ba ta iya komai ba sai kuka da tallan fura, Gwaggo nake tunawa. Furodusoshinmu suna ta satar labarin Indiya, ga labari a Kadawa yana kwance, ko kuɗin mota bai kai na zuwa Tiga ba.

Zamanin babana shi ne zamanin da lambu ya tashi daga sana'ar wanda ya rasa abin yi ya zama ƙashin bayan gari. Shi bai taɓa jan jigo don neman abinci ba. Abin da ya sani shi ne lanƙwasasshen bututu: ka nutsa shi a kanal, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka jefa shi cikin gona, ruwa ya yi ta zuba kai kana tsaye. Baba Tsoho ya daɗe yana kiran abin "noman malalata". Ci-rani ya juya: maimakon mutanenmu su tafi, sai ga baƙi suna zuwa mana daga Katsina da Jigawa da Nijar neman aikin lambu.

Da farko alkama aka fi matsa wa mutane su shuka. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, sai ta yi daraja, kuma da kuɗinta babana ya yi aure ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Bayan 'yan shekaru aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo, farashi ya faɗi. Daga nan ya rungumi tumatir da rani, shinkafa da damina.

Tumatir kuwa, Allah ya sani, caca ce da aka halatta. Irin da ya karɓu shi ne mai taurin fata da manoma ke kira UTC, domin shi ke iya jure tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Ana yafa iri wajen Oktoba, a dasa, a yi ta ban-ruwa da taki da feshi. Matsalar ita ce kowa lokaci ɗaya yake shukawa, saboda sanyin hunturu tumatir ke so, don haka kowa lokaci ɗaya yake tsinka. Je ka Kwanar Gafan a kan titin Zariya a watan Fabrairu ko Maris ka ga ikon Allah: kwanduna jere kamar an shimfiɗa jan kilishi, manyan motoci suna lodi. A nan manomi ba shi da baki. Dillali ne zai ɗaga ganyen da aka rufe kwando, ya leƙa, ya faɗi kuɗi. In ka ƙi, kayanka ba gero ba ne da za ka mayar rumbu. Kwana biyu ya zama ruwa. Ina ɗan firamare na ga shekarar da kuɗin kwandon da babu komai a ciki ya kusa kamo kuɗin tumatirin da ke cikinsa. Babana ya dawo da kaya gida, muka kwana muna yankawa, muka shanya a ƙasa a gefen titi ya zama kauɗa. In ka taɓa wucewa ka ga jan abu shimfiɗe a bakin kwalta ƙura na bi ta kai, to ba ado ba ne, asarar wani ce ake ƙoƙarin ragewa.

Ba na son in zalunci dillalai, domin su ma suna da tasu. Dillalin babana shi ke ba shi bashin taki tun kafin a dasa, shi ke zuwa suna da jana'iza. Amma wanda ya ba ka bashi a Oktoba, da wane baki za ka yi ciniki da shi a Maris?

Jigo kuma injin ban-ruwa ne ya ƙarasa shi. Tun a shekarun 1980 hukumomin raya karkara irin su KNARDA suka fara yaɗa ƙananan injina masu shan fetur da rijiyoyin burtsatse na fadama, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya ƙara yawansu a shekarun 1990. Tsohon lambun Baba Tsoho na bakin rafi, wanda kanal bai kai gare shi ba, baffana ne ya sa masa inji. Abin da tsoho ke yi daga asuba zuwa azahar, inji ya yi shi kafin shayi ya huce. Gumagumai biyun nan suna nan tsaye har na yi wayo, muna lilo a jikinsu, daga baya gara ta cinye.

Ruwan nan bai zo shi kaɗai ba. Ya zo da sauro na rani da damina. Ya zo da tsargiya; a ajinmu na firamare yaron da bai taɓa fitsarin jini ba shi ne abin kallo, domin duk a kanal muke wanka. Ya zo da kacalla da ke toshe hanyoyin ruwa, ya zo da faɗan dare tsakanin mai gona a bakin kanal da na ƙarshen layi, wanda sai kowa ya ƙoshi ruwa ke isa gare shi. Kuma sai da na girma na gane cewa ruwan da aka tare mana a Tiga, a bakin wasu aka ɗauke shi: masunta da makiyaya da manoman fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar kowace shekara ce rayuwarsu, sun ga ta ragu. A ƙauyenmu ba a wannan zance. Ni ma a Kano na fara jinsa, daga bakin wani abokin karatuna ɗan can, kuma ban sami amsar ba shi ba.

Yanzu bari in kawo ka 2016, shekarar da ba zan manta ba. A watan Maris na shekarar masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta fara aiki, wadda aka gina don ta riƙa markaɗa tan 1,200 a kullum. Manoma suka ce to, ƙarshen zubar da tumatir ya zo. Ashe wani baƙo ya riga ya sauka. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne, masana na kiransa Tuta absoluta, asalinsa daga Kudancin Amurka, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya tsallako Afirka, ya iso mu. Da dare yake yawo ya yi ƙwai a ganye, tsutsar ta shige tsakanin fatar ganyen inda feshi ba ya isa, ta cinye, ta huda 'ya'yan. Manoma suka sa masa suna Sharon, jaridu suka ce Ebolar tumatir. Jihar Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kansa a watan Mayu. Masana'antar da aka buɗe da murna ta tsaya saboda babu abin markaɗawa, a Legas kuma tumatir ya gagari talaka.

Gonarmu cikin kwanaki ta koma kamar an bi ta da wuta. Babana ya yi feshi har sau nawa, yana ƙara ƙarfin magani, har hannunsa ya saɓule, a banza. Shekarar ce na sami gurbin karatu a foliteknik. Wata safiya na ji shi yana cewa mahaifiyata, a hankali don kada in ji, "Ko dai yaron nan ya haƙura sai baɗi?" Iya ce ta kwance tumakinta biyu ta ce a kai kasuwa. Ta ce, "Maigidana ba zai zauna ba. Wancan ya hau ɗorawata, wannan ya hau tumakina, duk dai ni ce jakar gidan."

Ka san abin da ya fi ba ni kunya? A watan Yulin wannan shekara ce aka yi ta cece-ku-ce a kan ƙauyen fim da gwamnatin tarayya ta so ginawa a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, har aka soke shi. Ni ina Facebook dare da rana ina musu a kan Kofa, na rubuta abin da ya fi shafi ashirin. A kan gonar ubana, wadda ba ta da wani nisa da Kofar, ban rubuta layi ɗaya ba. Sai yau.

Abin da ya biyo baya ka san shi, don haka ba zan ja ba. A ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu na 'yan kwanaki, daidai lokacin da tumatir ya nuna, ya ruɓe a hannun masu shi. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun Naira, ƙwaron nan kuma ya sake dawowa. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin fetur, injin baffana ya koma cin kuɗi fiye da yadda yake ba da ruwa, har sai da ya kai shi aka juya shi ya koma amfani da tukunyar gas. Masu hali sun koma sola. Daga jigo zuwa sola, an sauya hanyar ɗaga ruwa sau huɗu a rayuwar Iya. Hanyar sayar da kwando kuwa tana nan yadda Baba Tsoho ya bar ta, sai dai jaki ya zama mota.

To, ga abin da ya kai ni gida. Tun rasuwar Baba Tsoho ba a raba gonar ba, babana ne ke nomawa yana ba kowa ihsani. Yanzu magada sun ce a raba. Eka uku ce da 'yan kai, magada tara, maza da mata, ga tumunin Iya. In aka yanka ta, wani abin da zai samu bai fi ya shanya barkono ba. Wani mai kuɗi daga birni, wanda ya riga ya saye gonaki biyu a maƙwabta, ya yi tayi mai tsoka. Baffana yana son a sayar ya sayi Adaidaita Sahu, kuma wallahi ban ga laifinsa ba, ya sha wuya. Gwaggonnina suna son kuɗinsu a hannu, kuma in ka tuna labarin ɗorawa ba za ka ce su yi shiru ba. Babana shi kaɗai yake son ya ci bashi ya biya kowa, gona ta zauna.

Bayan sallar isha'i ya kira ni zaure. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya yi magana. Ya ce, "Ni na kusa sittin. Bashin nan in na ci, ba ni zan gama biya ba. Yayanka yana Abuja yana gadi, ƙaninka ya ce shi waya zai gyara. Kai kuma kana can kana kallon fim ana biyanka."

Na ce, "Baba, ba kallo kawai ba ne, rubutu ne."

Ya ce, "Na ji. Ba faɗa na kira ka in yi maka ba. Tambaya ɗaya ce: in na riƙe ta, akwai mai karɓa a hannuna?"

Mai karatu, ni da nake cika shafi biyu a kan kuskuren darakta, na rasa kalma ɗaya. Ban iya dasa tumatir ya yi layi ba. Ban san ranar da ake sa taki na biyu ba. Na ce ya ba ni lokaci in yi shawara, ya ce masu rabo za su zauna bayan an cire shinkafa.

Da safe zan tafi na shiga yi wa Iya sallama. Ashe ta ji komai, domin katangar zaure ba ta da kauri. Ta jawo wata tsohuwar ƙwarya daga ƙarƙashin gado, baƙa ƙirin, an ɗinke tsagarta wuri uku, ga ramukan igiya a bakinta. Gugan jigon Baba Tsoho ne. Auduga take ajiyewa a ciki. Ta zazzage audugar a tabarma ta miƙo mini.

Na ce, "Iya, me zan yi da ita a birni?"

Ta ce, "Oho maka. Ka kai wa masu fim ɗin naku su yi rawa da ita. In kuma za ka dawo da ita, ka zo kafin a yafa iri."